Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Babban Alƙali

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da teburin magatakarda, inda ake shigar da ƙarar raba aure. A nan mutane ke karaya tun ba su ga fuskar alƙali ba.

Ni na raka yayata. Shekara biyu tana juya maganar a ranta, dangi sun yi sulhu har sun gaji. Zuwan farko aka ce ta kawo shaidar aure. Da ta kawo, aka ce saura takardun haihuwar yara. A na uku aka miƙo mata fom ɗinta saboda layi ɗaya da ta bari, layin da ni kaina sai da na karanta sau uku kafin na gane abin da ake tambaya. Ina kallo ta ninke takardun hannunta na rawa, autanta yana jan gefen rigarta. Babu wanda ya zage ta, amma babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata abin da ake buƙata gaba ɗaya.

Idan nufin shi ne a ba ma'aurata damar sake tunani, to a yanke lokaci sananne. A Ingila da Wales, tun 6 ga Afrilu 2022 ba a tilasta wa mai ƙara ɗora wa abokin zamansa laifi, amma sai an jira mako 20 kafin a nemi hukuncin farko. Kowa ya san ranar. Wannan daban yake da "je ki dawo" marar iyaka.

Ina roƙon ka ba da umarni a liƙa jerin takardun da kuɗin shigar da ƙara a bango, cikin harshen da jama'a ke ji, a riƙa ba da rasit, a kuma bayyana wa marar hali yadda zai nemi sassauci.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne sammaci. Akwai matar da duka ya kora daga gida, ta ɓuya, sai fom ya nemi adireshinta, kuma kwafinsa hannun mijin zai shiga. Don Allah a ware wannan shafin ya tsaya a kotu. A kuma gaya wa kowace uwa tun ranar farko cewa tana iya neman umarnin wucin gadi kan ciyar da yara kafin a gama shari'a. Yayata sai bayan wata huɗu ta ji haka, daga bakin wata mai jiran layi irinta.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ƙanwar wata mai ƙara