Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan batsa a laburare

Assalamu alaikum, Hajiya.

A shirin rediyo kika tambayi ma'aikatan laburare: tunda yara na zama a gaban kwamfutocin, me ya hana a ɗaure matatar intanet (wato tsarin da ke tare shafukan da ba a so) tamau, a kuma kwashe duk littafin da ya ambaci al'aura? Damuwarki tamu ce. Batsa ba ta da gurbi a ɗakin karatu, tacewa kuma dole ce. Ɗaurin tamau ɗin ne muke ja da shi.

Amurka ta daɗe da shan wannan muhawara. Dokar kare yara a intanet ta 2000, wato CIPA, ta wajabta matata ga laburaren da ke karɓar tallafin intanet daga gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2003, bisa fahimtar cewa baligi na iya neman a buɗe masa. A 2002 gidauniyar Kaiser mai binciken harkar lafiya ta gwada matatun. A mataki mafi sassauci sun tare kashi 87 cikin ɗari na shafukan batsa, da kashi 1.4 na shafukan lafiya. Da aka ɗaure su tamau, batsar da aka tare ta kai 91 kacal, na lafiya kuwa ya haura zuwa 24. Wadda ke neman bayanin sankarar mama ko yoyon fitsari, ita za a rufe wa ƙofa.

Don haka a saita matatar a kan na'urar da ke raba intanet, domin ta haɗa da wayoyin masu hawa Wi-Fi. Lambar 1.1.1.3 ta kamfanin Cloudflare, wadda ake sakawa a saitin na'urar, tana wannan aikin kyauta. Idan matatar na ba da zaɓi, a zaɓi rukunin batsa kaɗai, a kuma kunna SafeSearch, matatar sakamakon binciken Google, a kulle ta. Sai dai irin wannan matata sunan shafi take gani. Abin da ke yawo cikin Telegram ko X wucewa yake, VPN kuma, mai ɓoye shafin da mutum ya shiga, tsallake ta yake yi. Shi ya sa kwamfutocin yara ke buƙatar sashensu daban, fuskokinsu na kallon teburin ma'aikaci.

Littafi kuwa, Hajiya, ba a yanke masa hukunci da shafi ɗaya. Ki rubuto ƙorafi da sunansa da lambar shafin, kwamiti ya karanta shi duka. Littafin ungozoma mai zanen mahaifa yakan koma sashen manya, ɗalibar jinya ta same shi a can.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan laburare