Yaya, Kin Tuna Malamin Lissafi?

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaishe mini da Umma. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyin Ingila da har yau ba mu shirya da shi ba. Wannan takarda taki ce ke kaɗai, don Allah kar ki karanta ta a gaban Umma.

Ranar Asabar muka yi wa wata abokiyar aikinmu walimar bankwana a gidanta, mu tara. Da hira ta fara sanyi sai aka kawo wani wasa: kowa ya rubuta tambaya a 'yar takarda, a naɗe, a zuba a kwano, a jawo ɗaya, kowa ya amsa. Wanda ya ƙi, hukuncinsa ya miƙe ya yi waƙa. Kin san muryata, don haka gaskiya ta fi mini sauƙi. Tambayar da ta fito ita ce: wane na gaba da kai ka taɓa so a ɓoye, malami ko likita ko shugaba a wurin aiki?

Yaya, ashe ba ni kaɗai ba ce. Wata 'yar Filifin ta ce likitan haƙori ne, wai har ciwon ƙarya ta riƙa ƙirƙira don a mayar da ita. Wani ɗan Indiya, magidanci da furfurarsa, ya ce matar da ta koya masa tuƙi ce, in ta ce ya juya hagu sai ya yi dama. Muka yi dariya har da hawaye.

Da aka zo kaina na so in ce babu, sai bakina ya riga ni. Na ce malaminmu na lissafi a aji uku. Eh, shi ɗin, wanda kullum hannun rigarsa ke fari fat da alli. Kin tuna yadda kuka yi ta mamaki a gida, yarinyar da ke kuka in an ce ta yi rabawa ta koma tana yin aikin gida tun kafin ta cire takalmi? To ga dalilin, bayan shekara ashirin. Wata rana ya rubuta mini "Da kyau, ki ci gaba" da jan biro a ƙasan shafi. Na sa reza na yanke wurin, na ɓoye a ƙasan akwatina, sai da takardar ta yi laushi kamar tsumma saboda buɗewa da naɗewa. Shi yakan ja ɗan layi a tsakiyar 7 idan ya rubuta, ni ma na kama. Har yau haka nake rubuta ta, ko jiya a wurin aiki na yi.

Ni ce mai rige-rigen kai littattafai ofishin malamai. Amma bai taɓa aikena ni kaɗai ba. Da na ɗaga hannu sai ya ce, "To, ke da wance." In mun isa ya ce mu ajiye a kan tebur, ya yi godiya, idonsa na kan aikinsa. A lokacin haushi kamar ya kashe ni, har gaba na yi da wancen ta mako guda, baiwar Allah ba ta san laifinta ba.

Akwai wata a cikinmu da ke jinyar masu taɓin hankali, ita ta ɗauki zancen da muhimmanci. Ta ce a fanninsu tsohon labari ne: tun 1915 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Austriya, Freud, ya yi rubutu kan yadda marar lafiya ke faɗawa son likitan da ke saurarensa, ya kuma ce likita kada ya ɗauka kyansa ne ya jawo, zaman ne ya jawo, kuma bai kamata ya amsa ba. Ta ƙara da wani Ba'amurke, Thorndike, wanda a 1920 ya lura cewa in hafsoshin soja suka ga abu ɗaya mai kyau a jikin na ƙasa da su, sai su ba shi maki mai yawa a sauran abubuwa ma. Sai na tsaya ina lalube a raina: me na sani game da malamin nan? Ban san ko mai rowa ba ne, ban san yadda yake magana da matarsa ba. Na dai san yana tsayawa gaban allo, abin da ya gagare ni ya zo masa da sauƙi, kuma shi ne babba na farko da ya dubi aikina ya ce ina da kai. Ni kuwa na ɗauki wannan na ɗinka masa babbar riga, na saka shi ciki.

Dariyar ba ta kai mu ƙarshe ba. Wata da ta yi shiru tun farko ta ce nata malamin ya gane, kuma ya amsa, tana da shekara 16. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba wanda ya nemi ƙari. Mai gidan ta tashi ta ɗauke kwanon. A nan na ji cewa a Ingila, a ƙarƙashin dokar 2003, laifi ne malami ya nemi ɗalibarsa da ba ta kai 18 ba, ko da ita ce ta fara nuna so, kuma a 2022 aka shigar da masu horar da 'yan wasa da malaman addini cikin dokar. A motar komawa gida "ke da wance" ɗin nan ta yi ta dawo mini. Ina jin ya gane sarai, Yaya. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki ke nan. Kin ce mini a waya 'yarmu ta ishe ki da zancen malaminsu na Turanci, har kina shirin ci mata mutunci. Don Allah ki bari. In kika kunyata ta, ba daina ji za ta yi ba, daina gaya miki za ta yi. Ki bar ta ta yi ta zuba, ke kuma ki sa kunne ta ɓangarensa: yana tsayar da ita bayan an tashi? Ya ba ta lambar wayarsa? Yana mata kyauta, ko ya taɓa cewa kar ta faɗa a gida? In babu ko ɗaya, ƙyale ta, ƙila ki samu mai Turanci a gida kyauta. In akwai, ki je makarantar da ƙafarki, kuma ki kira ni a daren.

Saura ke. Kar ki ce mini babu, don ban manta shekarar da ciwon kanki ba ya tashi sai ranar Talata ba, ranar da likitan nan mai tabarau ke duba marasa lafiya. Ina jiran amsa, kuma in kin ƙi, waƙa za ki turo mini.

Ƙanwarki mai kewarki.