Waƙar da Muke Yi wa Liƙi Ita ce 'Ya'yanmu Ke Haddacewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan irin waƙoƙin da ke shiga kunnuwan 'ya'yanmu a garin Kaduna.

A makon jiya na shiga Keke Napep daga Rigasa zuwa Kasuwar Barci tare da jikata 'yar shekara shida. Direban ya ƙure sautin wata waƙar zamani, sai kawai na ji yarinyar tana bin baitocin tiryan-tiryan, har da kalmomin da ni da furfurata ba zan iya furta su a gaban mutane ba. Wannan fa yarinya ce da malamin Islamiyyarsu ya yi mako biyu yana fama da ita a kan gajeriyar sura guda. Ba ta san ma'anar abin da take faɗa ba, amma bakinta ya riga ya saba, kuma wannan sabon ne ya hana ni barci a daren.

Magabatanmu sun san ƙarfin waƙa, shi ya sa suka ɗora mata aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙe ta isar da karatun addini ga matan karkara ta hannun 'Yan Taru, wato ƙungiyar matan da ke zagaya ƙauyuka suna koyarwa a ƙarƙashin jagorar da ake kira jaji, domin ta gane cewa abin da aka rera ya fi zama a ƙirji. Manomi a wurin gayya ba ya jin zafin rana idan gangar noma ta ambaci sunansa. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suka shiga kowane zaure a Arewa, kuma da kuntigi kaɗai Ɗan Maraya ya sa aka dubi karen mota da idon mutunci. Ba a banza Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 ba.

Ban ce waƙoƙin da duk tsarkakakku ba ne. Akwai zambo, akwai batsa, akwai masu kambama giya. Sai dai kowace tana da wurinta da lokacinta, yaro ba ya zuwa can, kuma a gidan rediyo akwai wanda ke saurare kafin a saki faifai. Yau da ɗan kuɗi kaɗan mai tura waƙa a rumfar cajin waya zai cika wa yaro wayarsa, abin da ya rage kuma TikTok ya ƙarasa.

Mun iya zagin mawaƙa, amma ni a ganina laifinmu ya fi nasu. Mawaƙi ɗan kasuwa ne, inda ya ga ana liƙi nan yake karkata harshensa. Mu ne muke ɗauko mai kiɗa a bikin 'ya'yanmu, ya saka waƙar da babu komai a cikinta sai siffanta jikin mace, iyaye mata su fito fili suna zubar da sababbin kuɗi, yara kuma suna gefe suna kallo. Yaron da ya ga haka, da wane baki za a ce masa waƙar ba ta da kyau? Haka 'yan siyasa suke biyan maƙudan kuɗi a lokacin zaɓe domin a ci mutuncin abokin hamayya a cikin amshi mai daɗin ji, matasa su kwana suna maimaitawa. Garinmu na Kaduna da ya ga abin da ya gani a rikicin 2000 da na 2011 bai kamata ya yi wasa da waƙar da ke zuga zukata ba.

Akwai matasa masu basira da ke rera waƙoƙin sana'a da zumunci da zaman lafiya, amma ba su samun gayyata. Ina roƙon gidajen rediyonmu su ware musu fili, masu biki kuma su neme su, su biya su da kyau. Ni dai bikin 'yar autata yana tafe bayan Sallah, kuma na riga na gaya wa mai kiɗan cewa sai na saurari duk abin da zai saka kafin in ba shi ko sisi.

Naka mai karatu a kullum,
Daga Rigasa, Kaduna.