Faifan da aka naɗa a Accra, muka manta da makaɗanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tsohon mai gyaran rediyo ne a Nima. Makon jiya ina kakkaɓe akwatin marigayi yayana sai na ci karo da faifan garmaho mai suna The Visitor, kwalinsa duk gara ta ci gefe. Da na ɗora masa allura, sai da idona ya ciko.

Mick Fleetwood, mai ganga a ƙungiyar Fleetwood Mac, shi ya taso takanas zuwa Accra a farkon 1981 ya naɗi faifan a ɗakin ɗaukar sauti na hukumar finafinan Ghana. Faifan bai yi kasuwa ba, ko kusa da abin da ƙungiyarsa ta saba sayarwa bai kai ba, duk kuwa da manyan da suka sa hannu. George Harrison na Beatles ya kaɗa jita a waƙa ɗaya, Peter Green, tsohon mawaƙin Fleetwood Mac, ya rera wata.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk mai zancen faifan nan Turawan kaɗai yake ambata. Makaɗanmu fa? Ƙungiyar Adjo tana ciki, da yaran Ebaali Gbiko masu ganguna, kuma wallahi kiɗansu ne ke sa mutum gyaɗa kai. Yaran nan yanzu sun yi furfura.

Don Allah ku tura wakilinku ya nemo waɗanda suke raye, mu ji daga bakinsu. Faifan yana shagona, ko yaushe ya zo zan sa masa ya ji.

Naku,
Mai gyaran rediyo, Nima, Accra