Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kamfanin da Ya Sayar Mana da Antibodin FOXP3

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Masu Saye,

Bayan gaisuwa, ban so wannan magana ta fito bainar jama'a ba. Abin da ma'aikacinku ya gaya mini ranar 9 ga Mayu ne ya tilasta mini.

A watan Fabrairu muka sayi kwalba biyu ta antibodin FOXP3 a wurinku, kowace maikurolita 100. Antibodi sinadari ne da ke manne wa furotin ɗin da ake nema, sai launi ya nuna inda yake. Shekara uku muna amfani da shi lafiya lau. Aikinmu ƙirga ƙwayoyin T masu daidaita garkuwar jiki ne a cikin naman hanjin marasa lafiya, wanda aka jiƙa da fomalin aka daskarar a kakin farafin. FOXP3, alamar da muke gane waɗannan ƙwayoyin T da ita, furotin ne da ke zaune a cibiyar ƙwayar halitta, don haka launin ruwan ƙasa a can ya kamata ya fito, a ƙwayoyi kaɗan. Wannan sabon rukunin naku kuwa, wato sabon haɗin da kwalaben biyu suka fito daga ciki, ya shafe komai da launi: fatar hanji, tsoka, har bangon jijiyoyin jini. Cibiyar da muke nema ta fito fayau, ba ta ɗauki launi ba.

Ba mu yi gaggawar ɗora muku laifi ba. Mun sirka shi 1:100 yadda takardarku ta ce, muka koma 1:200, muka koma 1:500. Mun dafa gilasan da muke shimfiɗa yankan naman a kai, don antibodin ya iya kaiwa ga furotin ɗin, a ruwan sinadarin sitiret mai pH 6 (ma'aunin tsami), muka sake a sinadarin EDTA mai pH 9. Sai muka yanka tonsil ɗaya, wato ƙullin naman da ke cikin maƙogwaro, muka sa ragowar tsohuwar kwalbarku a gilashi ɗaya, sabuwar a ɗayan, rana ɗaya, hannu ɗaya. Tsohuwar ta yi aikinta tsaf, sabuwar ta watse. Hotunan suna wurinku tun cikin Maris. Na aika imel ya fi sau biyar, na kira har na gaji, kullum “an miƙa wa sashen fasaha”.

Ranar 9 ga Mayu, ƙarfe 11:20 na safe, bayan na jira minti 26 a waya, wani ya ɗauka. Na karanta masa lambar rukuni. Bai tambaye ni hoto ko ɗaya ba. Cewa ya yi: “Yawanci matsalar daga hannun mai aiki take. Muna da bidiyon koyarwa don sababbin shiga, zan turo miki.” Na ce masa shekarata goma sha ɗaya a kan wannan aiki. Ya ce wa'adin mayar da kaya ya wuce. Wa'adin da ya ƙare ina jiran amsarku! Bidiyon kuwa ya iso cikin minti biyar.

Gilasai 64 muka yi asara. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Naman nan daga jikin mutane ya fito, mutanen da suka sa hannu suka yarda a yi bincike da shi. Na mutum bakwai ɗan mitsitsi ne, ya ƙare ƙarƙaf, ba kuma za a sake yanka bayin Allah don kun yi sakaci ba. Ɗalibata ta rasa wata uku na aikin digirinta.

Ina neman ku mayar mana da kuɗinmu. Ina neman ku janye wannan rukuni, ku sanar da duk wanda ya saya, domin wanda ba shi da tsohuwar kwalbar da zai gwada zai iya ƙirga wannan launi ya wallafa shi a matsayin sakamako. Tun 2016 masana suka fitar da hanyoyi biyar na tantance antibodi a mujallar Nature Methods, ciki har da gwada shi a ƙwayoyin da aka cire musu ƙwayar gadon furotin ɗin. Wanne kuka yi wa wannan rukuni? Hoton da ke takardarku shi ne dai na shekara uku da suka wuce, bai canza ba, lambar rukuni kuwa ta canza sau huɗu. Zargina shi ne ba ku gwada abin da kuke zubawa a kwalba, mu kuke bari mu gwada muku da naman marasa lafiya.

Ina jiran amsa a rubuce cikin kwana goma sha huɗu, daga wanda ya duba hotunan.

Naku,
Wata mai bincike kan garkuwar jiki