Garken taurarin da suka daina haihuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin Fizis ne, na yi shekaru ina riƙe alli a makarantun sakandare a nan Zariya. Daren Juma'ar da ta wuce aka ɗauke wuta a unguwarmu, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida duk da sanyin hunturu. Ina nuna wa jikata Kaza da 'Ya'yanta, sai ta ce, "Kaka, har yanzu ana haifar sababbin taurari?" Na ce mata ana yi, amma ba a ko'ina ba. Bayanin da na yi mata shi ne nake so masu karatunku su ji.

Taurari garke-garke suke, masana na kiran kowane garke galaksi. Namu, wanda rana ke ciki, yana haihuwa har yau, don yana da iskar haidurojin mai sanyi wadda ke dunƙulewa ta zama tauraro. Amma akwai inda ɗaruruwan garke, har dubbai, suka yi cincirindo wuri guda, kamar cincirindon Birgo mai nisan shekarun haske kusan miliyan 54 daga gare mu (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya a shekara guda). A 1980 masanin taurari Alan Dressler ya binciki irin wannan cincirindo 55, ya ga inda cunkoso ya fi yawa garke masu haihuwa sun yi ƙaranci, sai tsofaffi jajaye.

Me ke hana su? Tun 1972 masana James Gunn da Richard Gott suka bayyana babban dalili. Tsakanin garke da garke a cikin cincirindon akwai iska siririya mai zafin digiri miliyoyi, ido ba ya ganinta sai na'urar eksire. Garke kan afka cikinta da gudun kilomita kusan 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mace tana shiƙar dawa ya san sauran. Ta ɗaga ƙwarya ta zubo, tsaba ta faɗi ƙasa, iska ta yi gaba da ƙaiƙayi. Taurari su ne tsabar, nauyinsu ya sa ba sa gusawa. Abin da ke sosa mini rai shi ne, a nan abin da iskar mai zafi ta kwashe shi ne irin shukar, wato iskar haidurojin mai sanyi da ke zama taurari. Akwai garke mai suna ESO 137-001 da aka ɗauki hotonsa ana cikin yi masa wannan shiƙa, yana jan jelar iska mai tsawon shekarun haske kusan 260,000.

Wani garken kuma yunwa ce ajalinsa. An toshe masa hanyar samun sabuwar iska, ya cinye ta rumbu a hankali. Manyan taurari shuɗaye ba sa daɗewa, shekaru 'yan miliyoyi sun mutu, a bar ƙanana jajaye.

Jikata ta fahimci wannan duka a zama ɗaya, domin da Hausa ta ji shi. A aji kuwa na sha ganin yara masu kaifin basira sun yi tsuru-tsuru, Turancin ne ya tare musu hanya. Don Allah, Edita, ku ware ko rabin shafi ne duk mako domin ilimin sararin samaniya da Hausa. Malaman Fizis na Jami'ar Ahmadu Bello suna nan Samaru, ku tuntuɓe su. Ni ma in kun ba ni dama zan riƙa aiko da nawa.

Naku,
Malami mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya