Dexamethasone ba maganin ƙiba ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wata dabarar yaƙi da cututtukan bairos (ƙwayoyin cuta irin na mura, ƙanjamau da korona), da kuma wasan da muke yi da ɗaya daga cikin magungunanta, wato dexamethasone, a nan Gusau.

Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum, ya mayar da kayan aikinta nasa. Yawancin magunguna shi suke hara kai tsaye, shi kuwa saurin sauya kama gare shi, shi ya sa wani magani mai suna amantadine ya daina cin murar infuluwenza. Sai masana suka ce tunda ɓarawon ya iya ɓad da kama, a garƙame ƙofar da yake bi. Haka maganin maraviroc yake aiki, wanda Amurka ta amince da shi a 2007: yana toshe wata kafa mai suna CCR5 a jikin ƙwayoyin garkuwa, wadda cutar ƙanjamau ke shiga ta cikinta. Ko shi ma sai an yi gwaji tukuna, don akwai nau'in da ke bi ta wata kafar dabam.

Dexamethasone kuwa ko kusa ba ya taɓa bairos. Garkuwar jiki yake lallashi idan ta yi tsanani har ta fara ɓarna a huhu. A Yunin 2020 masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka nuna ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi. Waɗanda ba su buƙaci iskar oksijin ba, bai amfane su ba.

To, wannan ƙwayar ta dexamethasone ce 'yan mata, har da matan aure, suke zuwa nema a shagona wai su yi ƙiba kafin biki. In na hana, a ce Malam ya cika tsanani, a wuce gaba. Kumatu za su ciko, gaskiya ne, amma tare da hawan jini, hauhawar suga, raunin ƙashi, da garkuwar da aka kwantar ba gaira ba dalili, ga mu a ƙasar da tarin fuka bai ƙare ba.

Ina kira ga hukumar NAFDAC da 'yan'uwana masu kemis, kada a bayar sai da takardar likita. Wadda kuma ta daɗe tana sha, kada ta yanke lokaci guda, akwai haɗari. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

Naku,
Wani mai harhaɗa magunguna,
Gusau, Jihar Zamfara.